Rigar Shugaban Ƙasa

Tarihin ƙasa ya taɓa yada zango a garin Villa Remedios. Tayar motarsa ce ta fashe.

Shugaban ƙasa na wancan zamani ya kwana ɗaya a gidan magajin gari, da safe ya wuce, ya mance rigar kwat ɗinsa a jikin ƙusa. Daga baya gidan ya zama gidan tarihi. Ɗaki biyu ne. A na farko akwai gadon da ya kwanta, da kofin da ake kyautata zaton ya sha gahawa da shi. A na biyu akwai rigar, baƙa, cikin akwatin gilashi, da 'yar huda a ƙasan aljihun ƙirji. Shekara talatin da takwas ke nan makullin yana hannun Don Eleuterio Cuervo.

Takarda daga ma'aikatar gwamnati ta iso ranar da aka rufe addu'ar kwana tara ta matarsa Herminda. Duk mai kula da gidan tarihi sai ya zauna jarrabawar baka, tambaya ashirin, a ci sha biyar. Wanda ya gaza ya miƙa makulli ga wani mai digiri. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Bai ji komai ba. Tun ranar jana'iza haka yake, abinci na shiga, mutane na rungumarsa, shi kuwa kamar a gidan maƙwabta ake yi.

Da safen jarrabawar ya biya ta wurin Nicomedes, ƙanen marigayiya, aron kwat.

"Kuma dai? Mijin yaya, shekara kusan arba'in kana aikin gwamnati, ko kwat ɗaya ba ka ajiye ba? Ungo. Amma ka naɗe hannun, a jana'iza ka fito kamar an rataye ta a sanda."

"Na gode."

"Ni fa da ka bar musu kayansu. Ka zo mu riƙa buga domino a bakin kasuwa. Me za ka yi da rigar mutumin da ko sunan garin nan bai riƙe ba?"

"Ƙarfe takwas nake buɗewa," in ji Don Eleuterio.

Nicomedes bai ja ba. Kowa a garin ya san kishin ƙasar tsohon. Kullum kafin baƙi su zo yakan tsaya gaban gilashin da hula a hannu, minti goma. Kwanan nan awa guda yake yi. Ita ma Herminda ba a bar ta a baya ba, duk gab da Kirsimeti takan zo ta kakkaɓe rigar, ta sake mata kafur, tana mita.

Mutum uku suka zo daga babban birni, dukkansu daktoci, domin a nan duk wanda ya sauko daga motar gwamnati da jaka a hannu dakta ne. Suka jera kujeru a ɗaki na biyu. Shugabarsu, Dakta Yolima Rengifo, ta yi masa ta'aziyya cikin jimla ɗaya, ta buɗe takarda.

Wane gunkin Girkawa ne mai mashi mai baki uku? Ya faɗa. Babban birnin Mongoliya? Ya faɗa. Bajamushen da ya ci gaba da tsara kiɗa bayan ya kurumce? Shekara talatin da takwas a ɗakin da wani satin baƙo biyu ke shiga, mutum na samun lokacin karatu. Amsoshin suna fitowa daga bakinsa kamar wani ne a ciki yake miƙowa. A wasan kwaikwayo ya yi tuntuɓe sau biyu, shugabannin ƙarni na sha tara suka haɗe masa, kasancewar wasunsu ba su kai wata uku ba kuma gashin bakinsu iri ɗaya.

Ɗaya daga cikin daktocin ya gaji, ya miƙe, ya dubi hoton Shugaban a bango, ƙato mai tumbi, sannan ya dubi rigar.

"Ashe hoto na ƙara wa mutum jiki."

"Haka ne, Dakta. Mulki ma."

Aka yi dariya ban da shi.

Tambaya sha tara, ya ci sha huɗu. Dakta Yolima ta dubi takarda, ta yi murmushi irin na mai shirin yin sadaka.

"Wannan kyauta ce, Don Eleuterio. Rigar nan ta wane ce, kuma me ya huda ta?"

Ya juya ya kalli gilashin. Ya ci gaba da kallon rigar, jaki na kuka a bayan coci. Hannun kwat ɗin aron ya warware ya rufe masa yatsu, bai naɗe ba. Daktocin suka dubi juna. Tsufa, ko baƙin ciki, ko duka biyu.

"Kada ka yi sauri," in ji ta. "Amma motarmu ƙarfe sha biyu za ta tashi."

Sai ya faɗi sunan Shugaban cikakke, har da na dangin uba da na uwa. Ya ce hudar ta harsashi ce, harin da aka kai masa bai yi nasara ba, kamar yadda yake a littafin 'yan aji huɗu.

"Sha biyar cif. Makullinka naka ne."

Suka sa hannu, suka ɗauki hoto a gaban rigar, suka tafi kafin sha biyu.

Cikin tambayoyi ashirin, wannan kaɗai ce ya tabbata amsarta ba daidai ba ce. Asu ya gama da rigar Shugaban tun shekarar Don Eleuterio ta biyu a bakin aiki. Wadda ke cikin gilashin tasa ce, da ita aka ɗaura masa aure, hudar kuwa garwashi ne ya faɗo daga dutsen gugar Herminda, suna da sati ɗaya a gida.