Illa Ya Rama, Ƙande Ta Biya

Illa mai awon hatsi ne a kasuwar Guci, mutum mai tumbi da jin kai, kuma in aka taɓa shi ba ya mantawa. Ranar da ciwon kai ya kai shi gidan likitan ƙauyensu, Nafi'u majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya auna shi ya ce jininsa ya hau. Ya ba shi magani, ya ce kuma ya shiga cikin masu tafiyar safe. Dattawa ne maza da mata masu hawan jini da ciwon suga, suna takawa daga bakin rijiya zuwa tsohuwar kuka su dawo. A gindin kukar ake auna su, a tuna wa kowa maganinsa.

Da a nan majo ya tsaya, da an rabu lafiya. Amma Nafi'u matashi ne mai saurin baki. Ya dafa cikin Illa yana dariya, ya ce wannan ba arziki ba ne, kaya ne. Matan da ke layi suka rufe baki da mayafi. Illa ya fito, ya rantse sai ya ga bayan tafiyar nan.

Bai kai ƙara ba, bai zagi kowa ba. Ya san mutanen garinsu sarai: dattijo zai jure ciwo, amma ba zai jure a ce 'ya'yansa sun yasar da shi ba. Sai ya mai da teburin mai shayi na bakin hanya wurin zamansa. Duk wanda ya zo wucewa, Illa ya gaishe shi da ladabi kamar gaske.

"Sannu, Malam Maina. Har yau yaran ba su sami moton da za su ɗauke ka ba? Allah ya kyauta."

Samarin teburin su kwashe da dariya. In dattawan sun wuce, sai ya ƙara da cewa magani ne ya ƙare wa majo, shi ya sa yake kora tsofaffi daji kamar awaki. Ba a jima ba Malam Maina ya daina fitowa, sauran maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Cikin matan akwai Ƙande, yayar Illa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ɗanta Sabo ɗan kabu-kabu ne mai haya da moto, wato babur, abokansa sun ishe shi da tsiya, har ya ce mata kada ya sake ganinta a hanya. Ƙande ta je ta sami ƙanenta a zaure, ta gaya masa tun da ta fara tafiyar jiri ya sake ta, tana barci, tana iya daka. Ta roƙe shi ya kama bakinsa.

"Yaya, ai ba da ke nake ba," in ji Illa.

"To da wa kake? Majo yana ɗakinsa. Ni ce a kan hanyar."

Ya ba ta goro ya sallame ta. Zuciyarsa ta riga ta ƙeƙashe, ba abin da yake so ya gani sai majo tsaye a gindin kuka shi kaɗai. Ya kuwa gani, don matan ma duk sun daina fitowa. Ranar ya sayi shayi ga kowa, ya yi ta dariya har da hawaye.

Ƙande ta zauna a gida. Ba mai auna ta, maganinta ya ƙare, ita kuma kunya ta hana ta taka hanyar gidan likita. Bayan girbi, wata safiya tana alwala ta kife a kan buta. Aka kai ta asibitin Magaria. Ta dawo ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Nafi'u ya zo duba ta. Ya nemi gafarar Illa kan maganar da ya yi masa a gaban mata, sannan ya ce dole a riƙa tayar da ita tana takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta ƙage. Sabo yana bakin nema, don haka Illa ne ya rataya hannunta a kafaɗarsa suka fito, tana jan ƙafa.

Suna isa teburin mai shayi, wani saurayi ya ɗaga murya, da irin ladabin da ya koya a wurin Illa.

"Sannu, Alhaji Illa. Ba moto ne, aka bar tsohuwa a ƙasa?"

Aka yi dariya. Ƙande ta tsaya cik. Ta juyo ta dubi ƙanenta, hawaye na bin karkataccen bakinta. Illa ya ji da ma ta iya zaginsa. Daga ranar ba ta sake yarda an fito da ita ba, kuma ƙafar ta ƙage kamar yadda majo ya faɗa.

Jama'a, motsa jikin da likita ya umarta magani ne, ba talauci ba ne, ba kuma abin kunya ba. In ma'aikacin lafiya ya ɓata maka rai, ka same shi ku yi ta ta ƙare. Kada ka rama a kan abin da ke riƙe da lafiyar mutane, domin naka na cikinsu.