Bakin da Ba Shi da Lasisi

Tun da aka kafa dokar sharhi, ba mai ikon cewa littafi ya yi daɗi sai masanin da ke da lasisi. Ran nan Uwani ta shiga shagon Malam Sallau a Funtuwa ranta a ɓace. Innarta ta makance, jiki kuma ya yi tsanani, ba abin da ya rage mata sai karatun da Uwani ke yi mata.

"Malam, littafi uku na saya bisa yabon masanan nan, kowanne sai Inna ta ce in rufe. Kai da ka karance shagon nan kaf, wanne zan kai mata?"

Malam Sallau ya saci kallon 'yar koriyar fitilar da ke liƙe a bango, mai sauraron kowa. Ya nuna mata allon da ke ɗauke da sharhin masana.

"Ba allo na tambaya ba! Shekara nawa kana zaɓa mini? Yau bakinka ya mutu? Su waɗancan sun san Inna ne?"

"Uwani, ki rufa mini asiri, ina da iyali."

Sai wata mata da ke gefe ta ajiye wani ƙaramin littafi dab da hannun Uwani. Idanunta jawur, hawaye bai ma bushe ba.

Uwani ta dube ta. "Baiwar Allah, littafin nan ne ya sa ki kuka?"

Fitilar ta koma ja.

Matar ta fuskanci bango, ta ɗaga murya: "Ni? Ciwon ido nake fama da shi."

Uwani ta damƙe littafin. Ta galla wa fitilar harara.

"Allah ya ba ki lafiya. Malam, sa mini wannan a leda."