Shayin da Ke Hana Barci

Ka ce masu baƙin ciki sun sa ka gaba a wurin sana'a, har kana tunanin tattara kayanka ka bar musu wurin. Kada ka tattara tukuna, ji wannan misali.

A wata tashar manyan motoci an yi wani dattijo mai shayi, wanda ya tsufa a bakin teburinsa har aka manta sunansa na yanka, sai dai a ce Mai Shayin Tasha. Wannan suna ya fi masa ribar sana'ar daɗi. Shayin nasa kuwa, in za a faɗi gaskiya, sai a hankali. Ganyen da ya zuba a buta da asuba shi zai yi ta tafarfasa har hantsi, ruwa na raguwa yana ƙarawa, in launi ya koɗe ya rufa wa kansa asiri da sukari da madara. Direbobi suna sha don babu wani, kuma sabo turken wawa ne. Ana nan sai wani baƙo ya kafa tebur a gindin darbejiya, tsallaken hanya. Shi baƙon ba ya ɗora ganye a wuta sam. In ruwa ya tafasa, sai ya ɗauraye ƙaramar butarsa da shi don ta yi ɗumi, ya zuba baƙin ganye mai ƙarfi, ya kwara ruwan a kai, ya rufe, ya juya ya yanka burodi ya soya ƙwai. Kafin ƙwan ya sauka shayi ya jiƙu, ya tace shi ja wur, ƙamshi na tsallako hanya har bencin dattijo. Ƙamshin nan ya tsaya wa dattijo a rai. Duk mutum ɗaya da ya ga ya nufi darbejiya, sai zuciyarsa ta yi baƙi, ya kama goge teburin da babu abin da ya ɓata shi. Ya leƙa ya gane irin ganyen, ya sayo, ya antaya a buta ya yi ta ba shi wuta kamar mai dafa ganda, abu ya fito da ɗaci sai ka ce maɗaci. Tsallaka hanya ya tambaya ba wani aiki ba ne, amma girman kai ya riƙe masa ƙafa.

Da dabara ta ƙare, sai ya koma ga baki. Kowa ya zauna a bencinsa, sai ya sassauta murya kamar mai ba da shawarar alheri, ya ce, "Ku yi hankali da shayin yaron can. Wanda ya sha kofi guda, shi da barci sai wani jiƙon. Ni dai na fita haƙƙinku." Bai taɓa ɗanɗana shayin ba, kuma hassada ta mantar da shi su wa yake gaya wa. Mutanen nan a kan sitiyari suke kwana, gyangyaɗi ne babban abokin gabarsu, abin da zai kore shi nemansa suke ruwa a jallo. Magana ta hau mota ta bi hanya, daga wannan tasha zuwa waccan, kowa na cewa ai tsohon mai shayin ne da kansa ya shaida, shi kuwa ya san ganye. Ba a daɗe ba gindin darbejiya ya cika, wasu a tsaye, wasu da filas a hannu. Wata safiya wani direban tirela, wanda tun yana yaron mota a teburin dattijo yake karyawa, ya tsaya ya gaishe shi da fara'a, ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Ba don ka faɗa ba, ina zan sani? Na kai kaya na dawo, ko gyangyaɗi ban yi ba." Ya yi sallama ya tsallaka hanya. Dattijo na cikin haɗiye wannan, sai ya ji wani fasinja yana tambayar ina Mai Shayin Tasha, wani kuma ya miƙa hannu ya nuna masa darbejiya.

Da hantsi baƙon ya zo da kansa, ya rusuna, ya ajiye kofi a gaban dattijo, ya ce, "Baba, ga ɗan abin taɓawa. Ko za ka ara mini benci ɗaya? Mutane sun yi mini yawa, na ga kuma naka ba kowa." Babu izgili a fuskarsa, kuma wannan ya fi ciwo. Dattijo ya ɗaga masa kai alamar ya ɗauka. Da ya ga bencinsa ya tsallaka hanya a kan baƙo, sai ya ɗauki kofin ya kurɓa da niyyar ya tofar. Ƙarfin ganyen ya cika masa baki, da ɗan bauri a bayansa, babu ɗaci, madara ta zauna a ciki ba ta kashe shi ba, ɗumi ya sauka har ƙirji. Ya nemi aibu ya rasa, ya shanye tas. Ranar dai bai runtsa ba, kuma ya sani sarai ba ganyen ne ya hana shi ba.

To, koma kan sana'arka, ka bar su su yi maka talla. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.