Allo Ne Ya Kawo Ta

Tun da aka sasanta kamfanonin talla da dillalai, doka ɗaya ce: wanda mai saye ya kalla a ƙarshe, shi ke da la'ada. Shi ya sa Ladidi dillaliya take sa mata su kalli fuskarta a bakin kasuwa, sannan ta ɗaure musu ido da gyale.

"Riƙe ni sosai, Hajiya Turai, mun kusa."

A ƙofar shagon atamfa Hajiya ta yi tuntuɓe, gyalen ya zame. Wani allon talla mai magana ya kira sunanta, ta ɗaga kai ta kalle shi.

"Yi haƙuri, Baba Ladidi," in ji mai shagon. "Allo ne ya kawo ta."

Ladidi ta dubi hannunta. Har yanzu Hajiya na riƙe da shi.