Maɓallin Ba Modu Mai Banda

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Ba Modu mai banda, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Likita ya gaya wa iyalinsa cewa maganin da ya rage shi ne ya yi ta magana, ko da ba ta fita daidai. Idan ya yi shiru, harshen zai daskare.

Shi ya sa da ƙafa ta ɗan yi ƙwari ya koma teburinsa na bakin tasha a Gashua. "Ga banda! Ga banda!" Kiran yana fita a jirkice, yana ja yana haki, amma dai yana fita, kullum kuma ana ganin ɗan sauƙi.

'Yarsa Mas'uda tana zuwa ajin kwamfuta na yamma da wani Malam Haisam ya buɗe wa yara. A can suke koyon jera wa kwamfuta umarni: idan an danna wannan maɓalli, abu kaza ya faru. Aikin da za su kai gasa Nguru shi ne allon sautukan ban dariya. Sun naɗo atishawar akuya, da gurnanin raƙumi ana ɗora masa kaya, da tarin babur ɗin da ya ƙi tashi. Duk ajin ba wanda ya kai Mas'uda iya jera umarnin nan.

Wata rana da ba ta je ba, wasu yara suka naɗo kiran Ba Modu a waya. Kuna tsammanin Malam Haisam ya tsawata? Dariya ya yi har da riƙe ciki. Shi da kansa ya nuna musu yadda za a ƙara wa muryar gudu, ta riƙa maimaita kanta, aka kuma ba ta nata maɓalli a allon gasar. Abin takaici, babba ne ya koya wa yara ɓarnar.

Nan da nan sautin ya tsallake daga aji ya shiga wayoyin gari. Da Ba Modu ya buɗe baki zai kira, sai wani ya kunna masa muryarsa daga cikin mota, tasha ta kaure da dariya. Ranar farko ya yi murmushi, ya ci gaba da kira. Da abin ya ƙi ƙarewa ya rage murya. Daga baya ya daina gaba ɗaya. Mai saye ya tambayi kuɗi, sai ya nuna da yatsu.

Mas'uda ta tsaya gaban teburin malaminta, idonta jawur.

"Malam, a cire muryar babana."

"Haba Mas'uda, wasa ne fa. Wannan maɓallin ne zai ciyo mana gasar."

"Shi da aka yi wasan da shi, Malam ka ga yana dariya?"

"Ke yarinya! Ni kike yi wa tambaya? In ba ki so, ki bar ajin."

"Ba zan bari ba. Ni na jera umarnin nan, ni zan gabatar da shi. Kuma ina gaya maka tun yanzu, Malam, muryar babana ba za ta fita a lasifikar Nguru ba."

Malam Haisam ya taɓe baki, ya ɗauka fushin yara ne. Ballantana ba shi da wanda zai maye gurbinta.

Ranar gasa ɗakin taro ya cika a Nguru. Mas'uda ta danna maɓallin farko, akuya ta yi atishawa, aka fashe da dariya. Ta danna na raƙumi, har alƙalan gasa suna share ƙwalla. Dariya ce mai daɗi, wadda ba a taka kowa ba kafin a same ta.

Sai wasu samari daga baya suka fara ihu, don sautin ya riga ya iso Nguru: "Na mai banda! A danna na mai banda!"

Ta danna. Ba abin da ya fito. Malam Haisam ya zabura zai duba wayar lasifika ko ta cire.

"Zauna, Malam, ba abin da ya lalace," in ji Mas'uda. Ta juyo ga jama'a, ba ta sunkuyar da kai ba. "Mai bandar nan babana ne. Kun ce kuna son jin muryarsa. To ga ta nan, haka take tun da kuka fara yi masa dariya. Ku saurara da kyau."

Ta sake dannawa. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Washegari Malam Haisam ya goge sautin daga kwamfutarsa, ya tafi tasha ya durƙusa gaban teburin banda yana neman gafara. Amma wa zai bi wayoyin gari ɗaya bayan ɗaya yana gogewa? Ba Modu ya miƙa masa hannunsa mai lafiya, ya gyaɗa kai. Ya motsa leɓe zai ce ya yafe, maganar ta ƙi fitowa. Harshen ya riga ya daskare, kamar yadda likita ya faɗa.

Iyaye da malamai, mu koya wa yara fasaha, mu bar su su yi dariya. Amma kafin yaro ya naɗi muryar wani, ku tambaye shi: mai muryar zai yi dariya tare da mu? Idan amsar a'a ce, wannan ba raha ba ce, zalunci ne, kuma goge shi daga baya ba ya dawo wa mutum da abin da aka raba shi da shi.