Layin Likitan Dabbobi

"Littafi ba ya ɓata a laburare," in ji malamar da ke koya mana dabarun bincike, muna biye da ita tsakanin layukan littattafai. "Lambar da ke jikinsa ita ce adireshinsa."

Na ɗaga hannu a fusace. "Malama, nawa dai ya ɓata. Kwamfuta ta nuna yana nan, na je wurinsa babu shi. Dole na canza batun bincikena a ƙurarren lokaci, har na rasa gurbin ƙaro karatun da ake ba mutum ɗaya a ajinmu."

Aminiyata, wadda ta samu gurbin, ta dafa kafaɗata. "Wallahi Malama, tare muka sha wahalar nemansa. Kullum raba layukan muke yi."

Malamar ta yi murmushi. "To ga darasi na gaba. In kwafi ɗaya ne tak, wasu ɗaliban kan ɓoye shi inda 'yan sashensu ba sa leƙawa. Ku 'yan shari'a, ina ne ba kwa zuwa?"

Aji ya kwashe da dariya. "Layin likitan dabbobi!"

Muka bi ta can. Ta zura hannu bayan wani ƙaton littafin cututtukan awaki, sai ga shi ta zaro.

Hannun aminiyata ya zame daga kafaɗata.

Layin nan ne kullum take ce min, "Bar min wannan, ƙawata, kar ƙurarsa ta tayar miki da asma."