Ƙanena a Ofishin Haraji

"Yaya kuke da jaririn nan?" in ji ma'aikaciyar haraji a birnin Shimkent, tana duba takardata ta neman rangwame.

A wajenmu ɗan fari na kakansa ne. Tun ranar suna Baba ya rungume shi cikin rigarsa, ya ce ya yi auta. Ƙanena nake ce masa.

Baba, da ya rako ni, ya zungure ni da sanda. "Gwamnati ba ta san al'ada ba. Faɗa mata, amma iyakarta nan."

"Ɗana ne," na ce.

Ban taɓa furta wannan kalma ba sai ranar. Ma'aikaciyar ta buga hatimi ta miƙo takardar, na kasa karɓa.

"Baiwar Allah," na ce, "don Allah sake tambayata."